Sarakunan da ke kwance cikin adaka: abin da ya kamata a sani kan tsofaffin takardun kuɗi

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado a Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji ya san yadda ake yi idan aka zo buɗe adakar mamaci. A fito da riguna da rawuna, a fito da takardun gona da tsofaffin rasitan haraji. Can ƙasa kuma, sau da yawa, sai a ci karo da ƙullin tsumma ko ɗan gwangwani, a kwance a tarar da kuɗin da babu mai karɓarsu a kasuwa yau: riyal mai hoton sarkin da ya daɗe da rasuwa, sule mai kan sarauniyar Ingila, kwabo mai huji, da jikar da aka daina ci tun shekara 20 da suka wuce.

Daga nan ɗayan biyu ke faruwa. Ko a miƙa wa yara su yi wasan kasuwa da su, ko kuma wani cikin magada ya ce ai ya gani a waya irin wannan takarda miliyoyi take yi a Turai. Shi ke nan zargi ya shiga tsakanin ƴan uwa, a kan abin da wataƙila bai kai kuɗin tiyar hatsi ba.

Gaskiya ne akwai masu tara tsofaffin takardun kuɗi a duniya, kuma da yawansu sun fi ƙaunar masu hoton sarakuna. Suna da ƙungiya ta ƙasa da ƙasa da aka kafa tun 1961, suna da manyan littattafai da suka ba kowace takarda lambarta, suna da kasuwannin gwanjo a Landan da Paris da Amurka. Amma kafin mutum ya san ko abin da ke hannunsa na ajiyewa ne ko na sayarwa, sai ya fara sanin ta wace hanya ya shigo gidansu. Domin akwai abin da ba kowa ya lura da shi ba: babu wani sarki na ƙasar nan, na Gobir ko na Katsinar Maraɗi ko na Damagaram, da hotonsa ya taɓa hawa takardar kuɗi. Duk sarkin da ka gani cikin adaka baƙo ne, wani ne ya ɗauko shi daga tafiya.

Sarauniyar da ta riga Nasara zuwa

Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce, kuma da wuri kakanninmu suka yi ciniki shekaru aru-aru. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya bi ta Tasawa da Gazawa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. A Tasawa ya tarar da wani attajiri da mutanensa sun duƙufa suna ƙirga wuri 500,000, biyar-biyar, kuma ya rubuta irin wahalar da aikin ke da ita. Da ya isa Kano ya tarar ana ba da wuri wajen 2,500 a kan tsabar azurfa guda ta Turai.

Irin wannan tsaba ce ta fara kawo fuskar mai sarauta kasuwannin ƙasar Hausa, kuma mace ce. Sunanta Maria Theresa, ta mulki Ostiriya daga 1740 zuwa 1780. Fatake ne suka shigo da kuɗinta ta hanyoyin Sahara, tsofaffi kuma suna kiran tsabar liyari. Nauyinta giram 28 ne, wajen giram 23 a ciki azurfa ce zalla. Saboda kyan azurfar ne maƙeran fari suka riƙa narkar da ita suna yin zobba da awarwaro, mata kuma suka riƙa huda ta suna ratayawa.

Ga inda mutane ke ruɗuwa. Kusan kowace liyari da za ka gani a yau 1780 aka rubuta a jikinta, sai mai ita ya ɗauka shekararta ta haura 240. To ba lallai ba ne. Bayan rasuwar sarauniyar ƴan kasuwar Larabawa da na Habasha da na nan Afirka sun ƙi yarda da wata tsaba sai wadda suka sani, saboda haka aka ci gaba da buga ta ba a canza shekarar ba. An buga ta a Biyana, an buga a Landan da Paris da Roma da Bombay, har adadin ya kai ɗaruruwan miliyoyi, kuma har gobe ana buga ta a Ostiriya. Darajar mafi yawansu ita ce darajar azurfar da ke jikinsu da ɗan abin da ba a rasa ba. Kuɗi ne mai kauri ga talaka, amma ba ya sayen mota.

Daga sunan irin waɗannan manyan tsabobi na Turai muka samu kalmar dala. Da Faransawa suka kafa mulki suka ce a biya haraji da kuɗinsu, sai sunan ya koma kan babbar tsabar azurfa ta faran biyar. Ita ce dalar da muke lissafi da ita har yau, mu ce dala ashirin, dala ɗari, dala metan jika guda. A cikin waɗancan tsofaffin daloli na azurfa akan samu masu kan sarki Louis-Philippe ko Napoleon na Uku, ragowar zamanin da Faransa ke da sarauta.

Me ya sa takardunmu ba su da sarki?

Amsar farko tana Paris. Tun 1870 Faransa ta rabu da sarauta, saboda haka Nasaran da suka mallaki Maraɗi da Tibiri da Tasawa a farkon ƙarni na 20 ba su da sarkin da za su buga. Bankin da ya riƙa fitar da takardun kuɗi a yankin, wato Bankin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1901, ya cika takardunsa da hotunan mutanen da ba su da suna: mace da tulu, masaƙi a bakin aiki, manomi, masunci, wani lokaci da wata Baturiya mai wakiltar ita Faransa. An ƙirƙiro kuɗin sefa ranar 26 ga Disamba 1945, bankin BCEAO ya karɓi aikin a 1959, amma salon bai canza ba.

Amsa ta biyu ita ce kuɗin na tarayya ne. Takarda guda ce ake ci daga Dakar zuwa Difa, to shugaban wa za a sa a bar na wa? Shi ya sa ko Diori Hamani bai hau takardar sefa ba. Hotonsa yana kan wasu tsabobin tunawa na zinariya da azurfa masu shekarar 1960, waɗanda ba a yi su don kasuwa ba. Tun 2003 kuwa abin da ke gaban kowace takarda shi ne siffar wani kifi mai baki kamar zarto, wadda aka ɗauko daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan.

A kudu da mu Ingilishi suna da sarki, amma su ma a ƙarfe suka tsayar da shi. Hukumar kuɗin da suka kafa wa Afirka ta Yamma a 1912 ta fara fitar da takardu a 1916, kuma itacen kwakwa ne a jikinsu. Kan sarki George na Biyar da George na Shida yana kan taro da sisi da sule da fataka. Anini da ɗari da kwabo kuwa huji gare su a tsakiya, ana zura su a zare, saboda haka babu wurin hoto, sunan sarki kawai ake rubutawa.

Wannan huji ya haifar da wani abin mamaki. A 1936 Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila, bai cika shekara ba ya yi murabus a watan Disamba. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da hotonsa ba. Amma da yake kwabon Afirka ta Yamma suna kawai yake buƙata, an buga shi an saki. Saboda haka yana yiwuwa a wani gida na Gazawa, inda kaka ya yi fataucin gujiya ko shanu zuwa Katsina, akwai kwabon sarkin da mutanen Landan ba su taɓa kashe kuɗinsa ba. Labarin yana da daɗi, sai dai an buga kwabban da yawan gaske, kuma a wurin masu tarawa kuɗinsu kaɗan ne.

Da Najeriya ta fara nata kuɗin a 1959 an sake yin haka: sarauniya Elizabeth a kan sule da sisi, takardun fam kuma babu ita, sai rubutun ajami da ke faɗa wa mai karatun allo ko nawa ne. Naira ta zo ranar 1 ga Janairu 1973, mutum na farko da ya hau ta kuwa shi ne Janar Murtala Muhammad, a kan naira 20 a 1977. Wanda ya fi kusa da gidan sarauta a duk kuɗin da ake kashewa a kasuwanninmu na kan iyaka shi ne Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da rawaninsa a kan naira 200 tun shekarar 2000. Shi ma a matsayin firimiyan Arewa aka sa shi.

Tsofaffin nairori suna da yawa a gidajen jahar Maraɗi, kuma akwai dalili mai ɗaci. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira ba zato, ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin da bai wuce mako biyu ba. Ƴan kasuwa da yawa na wannan gefen sun wayi gari da damman kuɗin da ba su da hanyar kai su banki. Wanda ya gaji irin wannan dami ya gaji shaidar asarar mahaifinsa. Ya ajiye ƴan kaɗan masu kyau saboda tarihi, amma kada ya sa rai da ciniki.

Riyal ɗin alhazai

Mafi yawan sarakunan da ke cikin adakokinmu daga Makka suka zo. Alhaji ya dawo da guzurin da ya rage, riyal ɗaya ko biyar ko goma, bai canza ba, ya ajiye don tabarruki ko don niyyar komawa. Waɗannan su ne suka fi sauƙin ganewa, domin kowane sarki da zamaninsa.

Takardu masu hoton sarki Faisal sun fito ne a 1976 da 1977, bayan rasuwarsa, a zamanin sarki Khalid. Su ne na farko da Saudiyya ta sa wa hoton mutum. Masu hoton sarki Fahad sun zo wajen 1984 suka daɗe ana cinsu fiye da shekara 20, shi ya sa suka fi kowanne yawa a gidaje. Na sarki Abdallah sun fito a 2007, na sarki Salman a ƙarshen 2016. Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa masarautar, shi ake ajiye wa babbar takarda: riyal 100 a fitowar Faisal, riyal 500 daga baya. Idan iyali sun manta shekarar da kaka ya sauke farali, hoton da ke kan riyal ɗinsa zai iya kusantar da su.

Kafin duk waɗannan akwai wata takarda da ta fi su muhimmanci, ga ta kuma babu hoton kowa a jikinta. Har farkon shekarun 1950 kuɗin Saudiyya tsabar azurfa ce, alhaji kuwa sai ya yi dakon jakar riyal mai nauyi daga Jidda zuwa Makka zuwa Madina. A 1953 hukumar kuɗin ƙasar ta fito da abin da ta kira rasit ɗin alhazai, na riyal 10, daga baya aka ƙara na 5 da na 1. Ka ba da azurfarka a ba ka takarda, inda ka je ka mayar a ba ka azurfa. An rubuta ta da harsuna da dama, har da Larabci da Turkanci da Urdu da Farisanci, don baƙi su iya karantawa. Mutanen gari suka ga sauƙin abin suka mayar da ita kuɗi, wannan ne ya ba hukuma ƙarfin halin fito da takardun kuɗi na sosai a 1961.

Wanda kakansa ya yi hajji a waɗancan shekaru, musamman masu tafiyar ƙasa ta Cadi da Sudan da kan yi shekaru kafin su dawo, ya duba da kyau. Rasit ɗin alhazai mai lafiya ya fi damin riyal ɗaya-ɗaya masu hoton Fahad daraja a wurin masu tarawa. Kaza kan kwana a kan dami saboda rashin sani, a jefar da marar hoto a rungumi mai hoto.

Sauran hanyoyin ba su kai ta Makka yawa ba. Masu ziyarar Shehu Tijjani a Fas da ɗaliban da suka yi karatu a Maroko sun dawo da dirhami mai hoton Hassan na Biyu, wanda ya yi sarauta daga 1961 zuwa 1999, ko na ɗansa Muhammad na Shida. Mai hoton kakan, Muhammad na Biyar, ya fi wuyar samu. Ƴan ci-ranin Libiya galibi dinari mai hoton Gaddafi suka kawo, domin lokacin da tafiyar ta yi ƙarfi an riga an kifar da sarki Idris tun 1969. Takardun da ke da hoton shi Idris na 1952 ne, a fam ake lissafinsu, kuma ba a jima ba aka fito da wasu babu hoton. Duk wanda ya samu ɗaya daga cikinsu ya riƙe ta da kyau.

Akwai ma sefa mai hoton sarki, ko da yake ba tamu ba ce. A da, a yankin Afirka ta Tsakiya, ƙasashe sun riƙa sa shugabanninsu a takarda. Jean-Bedel Bokassa na Bangi ya naɗa wa kansa kambin sarkin sarakuna ranar 4 ga Disamba 1977, aka buga takardu da hotonsa da sunan daularsa, sannan aka tumɓuke shi a watan Satumban 1979. Gajartar mulkin ce ta sa ake neman takardun a yau.

Ita kuwa sarauniya Elizabeth, wadda ta hau kuɗin ƙasashe fiye da 30, ba ta hau takardar Bankin Ingila ba sai a 1960. Kanada ta riga su tun 1935, tana yarinya ƙarama. Masu hoton ɗanta Charles sun fara yawo a watan Yunin 2024. Abin amfani a nan shi ne Bankin Ingila yana karɓar tsofaffin takardunsa ya ba da sababbi ba tare da wa'adi ba, don haka tsohon fam na Ingila bai mutu ba. Faran na Faransa kuwa an rufe ƙofar canza shi tun watan Fabrairun 2012.

Abin da ke sa tsada

Tsufa kaɗai ba ya sa takarda tsada, hoton sarki ma haka. Abu na farko da mai saye ke tambaya shi ne guda nawa suka rage a duniya. Takardar da aka buga miliyoyi aka yi shekara 20 ana ci, kowa na da ita. Wadda aka janye da wuri saboda juyin mulki ko mutuwar sarki ko kuskuren bugu, ita ake bi.

Na biyu lafiyar takardar, kuma a nan ne namu suka fi faɗuwa. Mu kuɗi a lalita muke sa shi, ko a ƙulle a bakin zane, ko a cusa a hula, ya sha gumi da man gyaɗa da ƙurar kasuwa. Masu tarawa kuwa har ninki suke ƙirgawa. Kamfanonin da ke tantance takardu suna ba da maki daga 1 zuwa 70, kuma takarda iri ɗaya, shekara ɗaya, wadda ba a taɓa ninkewa ba tana iya ninka wadda ta sha hannu sau goma ko fiye. Ƙusurwa ta lanƙwashe, farashi ya sauka. An yi lissafi da biro a bayanta, ya ƙara sauka.

Sai ƙananan abubuwa da ido bai cika kulawa da su ba: sa hannun gwamnan banki da na minista, shekarar bugu, da lambar takarda. Takardu biyu na iya zama kamar tagwaye, amma sa hannun da ke kan ɗaya na wanda ya yi wata shida kacal a kujera ne. Lamba mai ban sha'awa, kamar wadda ta fara da sifiri da yawa ko wadda duk adadinta iri ɗaya ne, ita ma tana da masu nema.

Na ƙarshe, wanda ba a so a ji, shi ne mai saye. Farashin da ake gani a intanet sau da yawa abin da mai kaya ya yi fata ne, ba abin da aka biya ba. Kuma kasuwar tana nesa. Daga Tibiri zuwa teburin gwanjo a Landan akwai dillalai da kuɗin aikawa da kuɗin tantancewa, kowa da rabonsa.

Wannan nisa ne ƴan damfara ke ci da shi. Salon nasu sananne ne. Wani zai turo saƙo ta WhatsApp ko Facebook ya ce takardarka ta kai miliyan kaza, akwai Bature a shirye, amma sai ka fara tura kuɗin rajista ko na duwan. Mai saye na gaskiya ba ya neman kuɗi daga hannun mai sayarwa. Wani salon kuma mutum biyu ne: na farko ya bi gari yana cigiyar kwabo mai huji ko wata tsohuwar takarda da farashin hauka, bayan kwana biyu na biyu ya ɓullo da irinta yana sayarwa da sauƙi. Ka saya don ka kai wa na farko, ka neme su ka rasa. Haka ake yi da jita-jitar wani jan sinadari da wai yana cikin tsofaffin kwabbai da dutsen guga da keken ɗinki, abin da babu shi. Akwai kuma jabun liyari na farin ƙarfe. Gwajin farko mai sauƙi ne, azurfa ba ta kama mayen ƙarfe, amma wannan bai isa ba, a kai wa maƙerin fari da aka yarda da shi ya auna.

Yadda za a adana su

Maƙiyan takarda a ƙasarmu sanannu ne: gara, danshin damina, ɓera, da hasken rana mai cinye launi. Amma hannun mai gyara ya fi su ɓarna. Kada a wanke tsohuwar takarda, kada a yi mata guga, kada a liƙe yagewa da gam ko salatif, domin bayan ƴan shekaru wurin zai rine ya zama tabon da ba ya fita. Kada a kai ta a rufe da leda mai zafi kamar katin ɗan ƙasa, wannan kashe ta ne gaba ɗaya a idon mai saye. Kada a ɗaure dami da roba, tana narkewa ta manne. Tsaba ma haka, kada a goge ta da toka ko lemun tsami don ta yi ƙyalli, dattin shekarun yana cikin abin da ake saye.

Abin da ya fi shi ne a shimfiɗa kowace takarda ita kaɗai, a miƙe, tsakanin farar takarda mai tsabta, a sa a ambulan, a sa ambulan a akwatin ƙarfe mai murfi, a ɗora a kan wani abu nesa da bango da ƙasa. A riƙa dubawa bayan kowace damina. A bayan ambulan ɗin, ba a jikin kuɗin ba, a rubuta wanda ya kawo ta, daga ina, a wace shekara. A ganina wannan rubutu ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne ya fi gaggawa, domin tsofaffin da suka san amsar suna ƙarewa. Riyal ɗaya mai hoton Faisal ba ta da wani kuɗi, amma idan aka san ita ce ta rage a aljihun Hajiya shekarar da ta fara hawa jirgi, jikoki za su riƙe ta daban.

Idan kuwa ana zaton akwai mai tsada a cikin kayan mamaci, to dukiya ce kamar kowace, hakkin magada ce duka. A nuna wa kowa, a ɗauki hotonta gaba da baya, a tambayi fiye da mutum ɗaya kafin a sayar, kuma kada wani ya ɗauke a ɓoye da sunan ai tarkace ne.

Harafin H

Akwai tarin da mutumin Agye ko Gidan Rumji zai iya farawa yau ba tare da ya je ko'ina ba, kuma ya fi ɗan Landan damar yinsa. Ɗauki jikar da ke aljihunka ka duba kusa da lambarta, za ka ga harafi guda. Shi ke nuna ƙasar da aka buga takardar dominta: A ta Kodebuwa, B ta Benin, C ta Burkina Faso, D ta Mali, K ta Senegal, T ta Togo, S ta Gine Bisau, H kuma ta Nijar. A da akwai E ta Muritaniya, kafin ta fice a 1973. A takardun yanzu lambobi biyu na farko su ne shekarar bugu. Masu tarawa suna bin waɗannan haruffa ɗaya bayan ɗaya, kuma da yake kason Nijar bai kai na Kodebuwa ba, H ta wasu shekarun tana ba su wahala.

Mun riga mun ga yadda kuɗin yau ke zama tarihi. Dattawa sun san dala ashirin ta takarda a shekarun 1960. Masu shekara 30 zuwa sama sun san takardar jika biyu da rabi, wadda ta tafi tare da sauran ƴan uwanta a canjin 2004, bayan fashin da aka yi wa rassan BCEAO a Kodebuwa. Dala ɗari ta takarda ta ɓace a 2003 ta koma tsaba, sannan ta dawo a 2012. A watan Fabrairun 2024 kuma Janar Abdurahamane Tiani ya yi maganar yiwuwar ƙasashen AES su yi kuɗinsu na kansu. Ko yaushe hakan ta tabbata, takardun da muke cukuikuyewa yau za su bi sahun na cikin adaka, kuma masu lafiya a cikinsu za su yi ƙaranci. Sabuwar dala ɗari mai harafin H, wadda ba a taɓa ninkewa ba, dala ɗari ce kawai kuɗinta a yau. A wurin mai karɓar albashi a banki ko ɗan canjin da ya saba da kai ake samunta, ranar da sababbin kuɗi suka fito.